Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Sabon Kanel Tashi Bayan an Harhaɗa Shi

Ka gama harhaɗa kanel na Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa kayan na'ura, ka girka shi, ka sake kunna kwamfuta, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ko kuma rubutu ya zubo ya tsaya cak a wani layi. Abin da akasarin mutane ke yi a nan shi ne su koma menuconfig, wato allon zaɓin saitin kanel, su kunna duk abin da idonsu ya faɗa a kai, su sake harhaɗawa, su zauna jiran sa'a. Kada ka bi wannan hanya. Tashin kwamfuta daki-daki yake: GRUB, shirin da ke tayar da kwamfuta, ya ɗauko kanel da initramfs (ƙaramin tsarin wucin gadi mai ɗauke da direbobin farko) ya ɗora su a ƙwaƙwalwa, kanel ya warware kansa ya gano kayan da ke cikin na'ura, ya nemo faifan da tushen tsarin yake, ya buɗe shi, sannan ya miƙa ragama ga shirin farko, wato init, wanda a yawancin rabe-raben Linux na yau (irin su Debian, Ubuntu da Fedora) systemd ne. Kowane mataki da irin faɗuwarsa da irin saƙon da yake bari. Aikinka na farko shi ne ka san a wane mataki aka tsaya.

Koma kan tsohon kanel tukuna

Sake kunna kwamfutar. Idan jerin zaɓin GRUB ba ya fitowa da kansa, riƙe Shift a na'ura mai BIOS, ko ka danna Esc a mai UEFI, daidai lokacin da tambarin kamfanin ya ɓace. A Debian da Ubuntu tsofaffin kanel suna ƙarƙashin "Advanced options". A Fedora suna jere a fili. Zaɓi wanda ka san yana tashi. Da shi za ka yi kusan dukkan binciken, don haka kada ka goge shi, ko da wurin /boot ya matse, sai sabon ya yi kwanaki yana aiki lafiya.

Da ka shiga, ɗauki sunan sabon kanel daidai yadda yake. A cikin foldar da ka harhaɗa:

make -s kernelrelease

A misalan nan zan ɗauka ya ce 6.6.30-gwaji. Ka lura da kyau, wani lokaci akwai alamar + ko kalmar -dirty a ƙarshen sunan, idan daga git ka ɗauko. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin wannan suna da sunan foldar modul (direbobin da ake ɗorawa daban da jikin kanel), kanel ba zai ga modul ko ɗaya ba.

Yanzu duba abubuwa uku: ls -lh /boot, sai ls /lib/modules, sai df -h /boot. A /boot ya kamata ka ga vmlinuz, wato fayil ɗin kanel, mai wannan suna da initramfs ɗinsa, wanda Debian ke kira initrd.img. A /lib/modules ya kamata a samu folda mai sunan, kuma cike da kaya. Idan babu ita, alama ce an tsallake make modules_install; in kuma an yi make install kafin shi, to an gina initramfs wanda babu direbobi a ciki. Tsarin shi ne make, sannan make modules_install, sannan make install. Idan kuma df ya nuna /boot ya cika maƙil, to mai yiwuwa an rubuta initramfs rabi aka yanke.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane: idan ka yi make -j8, saƙon kuskure kan wuce sama, sauran ayyukan su ci gaba da zubo layuka a kansa, ka ɗauka an gama lafiya. Sake buga make kawai, ba tare da -j ba, ka ga ko zai kai ga layin da ke cewa bzImage ya kammala. Masu kwafo saitin Ubuntu ko Debian su suka fi faɗawa wannan, domin CONFIG_SYSTEM_TRUSTED_KEYS na nuni da fayil ɗin takardar shaida da babu shi a asalin lambar kanel. Ana mayar da shi fanko da:

scripts/config --set-str SYSTEM_TRUSTED_KEYS ""

haka ma SYSTEM_REVOCATION_KEYS a Ubuntu.

Sa kanel ya yi magana

Rabe-raben Linux suna rufe bakin kanel lokacin tashi don allo ya yi kyau. Kai kuwa maganarsa kake so. A jerin GRUB, tsaya a kan sabon kanel ka danna e. Nemo layin da ya fara da linux, goge quiet da splash, ko rhgb a Fedora, ka ƙara ignore_loglevel a ƙarshe, sannan Ctrl+X ko F10. Wannan gyara na tashi ɗaya ne, ba ya zama, saboda haka ka gwada abin da kake so ba fargaba.

Idan wasu rabe-raben suna sake kunna kansu da zarar kanel ya faɗi, ƙara panic=0 don ya tsaya a wurin. Kuma ka riƙe waya a hannu ka ɗauki bidiyon allon tun daga farko. Tun daga sigar 5.9 an cire damar komawa sama da Shift+PageUp a allon rubutu, kuma layin da ke da amfani sau da yawa yana sama da layin ƙarshe, ya riga ya wuce.

Idan tun a GRUB aka tsaya

Saƙo irin "bad shim signature" tare da "you need to load the kernel first" na nufin Secure Boot, tsaron UEFI da ke tantance abin da zai tashi, shi ne ya ƙi kanel ɗinka don babu sa hannun da ya yarda da shi. Daga tsohon kanel, mokutil --sb-state zai tabbatar maka. Ko dai ka kashe Secure Boot a saitin UEFI muddin kana gwaji, ko ka ƙirƙiri makullinka, ka shigar da shi da mokutil --import, ka sa wa vmlinuz hannu da sbsign. Ga mai gwaji na ɗan lokaci, kashewar ta fi sauƙi. Ga na'urar da za ta daɗe a kan kanel ɗin, sa hannun ya fi.

"out of memory" ko tsayawa a "Loading initial ramdisk" yawanci girman initramfs ne. Saitin da aka kwafo daga rabe-raben Linux yana kunna bayanan binciken kuskure, sai modul su kumbura, initramfs ya kai ɗaruruwan megabait. Maganinsa:

sudo make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install

sai ka sake gina initramfs. "file not found" kuwa grub.cfg ne bai san da sabon fayil ba: update-grub a Debian da Ubuntu, grub-mkconfig -o /boot/grub/grub.cfg a Arch. A Fedora duba /boot/loader/entries.

"VFS: Unable to mount root fs"

Nan ne mafi yawan masu harhaɗa kanel ke maƙalewa, kuma nan ya kamata mu daɗe. Cikakken saƙon shi ne "Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Kanel ya tashi lafiya, amma ya kasa buɗe faifan da sauran tsarin yake.

Lambobin nan biyu na ƙarshe su ne jagora. Sifili da sifili na nufin bai ma gano wace na'ura ake nufi ba. Idan kuwa ka ga 8,2, ya ga faifan sarai, domin 8 lambar faifan sd ce, 2 kuma ɓangare na biyu, wato sda2. Faifan NVMe kan fito da 259. A wannan hali tsarin fayil ɗin ne bai iya karantawa ba, kuma a sama kaɗan za ka ga "No filesystem could mount root, tried:" da jerin waɗanda ya gwada. In ext4 kake amfani da shi kuma babu shi a jerin, ka samu amsarka.

Ga sifili da sifili, duba layin da ke cewa "here are the available partitions". Idan babu komai a ƙarƙashinsa, direban mai sarrafa faifai ne babu. Idan an jera faifai amma ba ɓangarorinsa, kanel bai iya karanta teburin rabon ba, wato CONFIG_EFI_PARTITION ga GPT ko CONFIG_MSDOS_PARTITION ga tsohon tsarin MBR. Idan kuma ga ɓangarorin nan duka a jere, to root= ne ke da matsala.

A nan akwai tarkon da mutane da yawa ba su sani ba. Kanel shi kaɗai bai san root=UUID= ba. Lambar UUID tana cikin tsarin fayil ne, kuma initramfs ke fassara ta zuwa sunan na'ura. In babu initramfs, ko kanel ya kasa warware shi, sai a faɗa kan sifili da sifili ko da duk direbobi suna nan. Abin da kanel ya sani da kansa shi ne sunan na'ura kamar /dev/sda2, da root=PARTUUID=, wanda blkid zai nuna maka. Saboda haka ka duba ko akwai layin initrd a ƙarƙashin layin linux a GRUB, ka duba CONFIG_BLK_DEV_INITRD a kunne yake, sannan ka duba kanel ya san irin matsewar da aka yi wa initramfs ɗin. Ubuntu na yanzu zstd yake amfani da shi, wanda ke bukatar CONFIG_RD_ZSTD. Saƙon "Initramfs unpacking failed" a can sama shi ne shaidar wannan.

To wane direba na'urarka ke bukata? Tsohon kanel zai gaya maka, ba sai ka yi hasashe ba:

findmnt /
lsblk -f
lspci -k

Na farko ya nuna na'urar tushe da tsarin fayil ɗinta. Na biyu ya nuna ko akwai LVM (mai sarrafa ɓangarorin faifai), LUKS (mai ɓoye bayanan faifai) ko RAID (mai haɗa faifai da yawa) a tsakani. Na uku ya jera kowace na'ura da layin "Kernel driver in use". Idan ka ga ahci, kana bukatar CONFIG_SATA_AHCI tare da CONFIG_BLK_DEV_SD. Wannan na biyun ana yawan mantawa da shi, domin yana ƙarƙashin SCSI, mai faifan SATA kuma ya ɗauka bai shafe shi ba. Idan nvme ne, CONFIG_BLK_DEV_NVME. A wasu laftof masu Intel za ka ga vmd, kuma in babu CONFIG_VMD faifan NVMe ba zai bayyana ba sam. A na'urar kwaikwayo ta KVM, CONFIG_VIRTIO_PCI da CONFIG_VIRTIO_BLK ko CONFIG_SCSI_VIRTIO. LVM na bukatar CONFIG_BLK_DEV_DM, LUKS kuma CONFIG_DM_CRYPT da hanyoyin ɓoye bayanan da aka yi amfani da su, galibi AES da XTS.

Sai ka duba naka saitin:

grep -E "SATA_AHCI|BLK_DEV_SD|BLK_DEV_NVME|EXT4_FS=" .config

Bambancin y da m shi ne zuciyar al'amarin. y na nufin direban yana cikin jikin kanel. m na nufin modul ne da ke zaune a /lib/modules, wato a kan faifan da ake ƙoƙarin buɗewa. Direban faifai ya zama m alhali babu initramfs, kamar ka kulle ɗaki ne makullin na ciki. Ni shawarata ga duk mai harhaɗa wa na'ura ɗaya takamaimai: direban faifan tushe, teburin rabo da tsarin fayil ɗin tushe, duk ka sa su y, ko da kana da initramfs. Girman da suke ƙarawa kaɗan ne, kuma sun rage maka rukunin matsala guda.

In ka fi son barin su m, tabbatar sun shiga initramfs. Ga yadda ake gina shi:

sudo update-initramfs -c -k 6.6.30-gwaji
sudo dracut --force --kver 6.6.30-gwaji
sudo mkinitcpio -k 6.6.30-gwaji -g /boot/initramfs-gwaji.img

Na farko na Debian da Ubuntu ne, na biyu na Fedora da danginta, na uku na Arch. Leƙa cikinsa da lsinitramfs, lsinitrd ko lsinitcpio, ka haɗa da grep nvme ko sunan da kake nema.

Idan an jefa ka cikin ƙaramin wurin buga umarni na initramfs

Ganin "Gave up waiting for root file system device" da wurin buga umarni mai alamar initramfs, ko dracut, ci gaba ne. Kanel ya tashi, initramfs ya warwaru, kuma ga hannunka a kan na'ura. Buga cat /proc/partitions ka ga faifan da aka gano, cat /proc/cmdline ka ga abin da GRUB ya miƙo, cat /proc/modules ka ga abin da aka ɗora. Gwada modprobe nvme ko modprobe ahci da hannu. Idan faifan ya bayyana bayan haka, direban na nan, ɗorawar ce ba ta faru ba, sai ka duba CONFIG_DEVTMPFS, wanda udev, shirin da ke ɗora direbobi da kansa, ba ya aiki sai da shi. Idan modprobe ya ce bai ga modul ɗin ba, ko dai bai shiga initramfs ba ko sunan sigar ya saɓa. dracut kan ajiye rahoto a /run/initramfs/rdsosreport.txt, kwafe shi a filash.

Wani lokaci ka isa nan, ko wurin da LUKS ke tambayar kalmar sirri, madannai su ƙi motsi. Ba daskarewa na'urar ta yi ba. Direbobin USB ne babu: CONFIG_USB_XHCI_HCD, CONFIG_USB_HID da CONFIG_HID_GENERIC. Faifan tushe da ke kan USB ko katin SD kuma yakan makara wajen bayyana, sai a ƙara rootwait a layin linux.

Allo baƙi, babu ko harafi

Kafin ka yanke cewa kanel ya mutu, gwada ko allon ne kawai ya makance. Danna Caps Lock ka ga ko fitilarsa na amsawa. A na'urori da yawa, idan tana ƙyaftawa da kanta, kanel ya faɗi ne. Duba fitilar faifai. Daga wata kwamfutar gwada ping ko ssh. Ka bar shi minti biyu ko uku, ka kashe, ka koma tsohon kanel, ka buga:

journalctl -k -b -1

Idan ka ga sunan sabon kanel a layin farko, ai ya tashi har ya kai ga rubuta tarihinsa a faifai, matsalar ta hoto ce kawai. Wannan na aiki ne idan akwai foldar /var/log/journal. Leƙa /sys/fs/pstore da /var/lib/systemd/pstore ma, domin a na'urorin UEFI kanel kan bar saƙon faɗuwarsa a can.

Gwajin gaggawa shi ne nomodeset a layin linux. In rubutu ya dawo, direban katin hoto ne. Abin da ya fi jawo wannan shi ne a sa amdgpu ko i915 a matsayin y: direban ya tashi da wuri yana neman fayilolinsa na /lib/firmware kafin a buɗe faifai. Mayar da shi m, ko ka cusa fayilolin cikin kanel ta CONFIG_EXTRA_FIRMWARE. Mai katin Nvidia da direban kamfanin ya duba dkms status, don sai an sake gina modul ɗin wa kowane sabon kanel, kuma ba kullum yake dacewa da sigar da ta fito jiya ba. Don samun rubutu tun farkon tashi, a kunna CONFIG_VT da CONFIG_FRAMEBUFFER_CONSOLE, tare da CONFIG_FB_EFI, ko kuma CONFIG_SYSFB_SIMPLEFB da CONFIG_DRM_SIMPLEDRM da CONFIG_DRM_FBDEV_EMULATION.

Idan da gaske tun da wuri yake mutuwa, earlycon=efifb tare da keep_bootcon zai fito da layukan farko a na'urar UEFI, earlyprintk=vga a mai BIOS. initcall_debug kuma yana buga sunan kowane aiki kafin a fara shi da bayan an gama. "Calling" na ƙarshe da ba a ga "returned" ɗinsa ba, shi ne ya riƙe na'urar.

An buɗe faifai, init ya ƙi

"No working init found" ko "Attempted to kill init!" galibi na zuwa ne bayan an buɗe tushe. Ko root= na nuni da ɓangaren da ba shi ba, misali na /boot, ko kanel ya rasa abin da shirin farko ke bukata: CONFIG_BINFMT_ELF, CONFIG_BINFMT_SCRIPT ga initramfs mai rubutun umarnin shell, CONFIG_CGROUPS ga systemd. A Btrfs duba rootflags=subvol= ya yi daidai da na tsohon kanel. Gwada init=/bin/sh; in ka samu wurin buga umarni, kanel da faifai lafiya suke, sai a koma kan systemd. Fayil ɗin README na systemd ya jera duk zaɓin kanel da yake bukata.

Gyaran saitin, ɗaya bayan ɗaya

Hanya mafi gajarta ita ce kwatanta saitin da ke aiki da naka:

scripts/diffconfig /boot/config-$(uname -r) .config | less

A Arch saitin yana /proc/config.gz, sai ka warware shi da zcat tukuna. Nemi layukan da suka koma n daga y ko m. Idan bambancin ya yi yawa har ba ya karantuwa, bar naka gefe, kwafo mai aikin a matsayin .config, yi make olddefconfig, harhaɗa, ka tabbatar ya tashi. Daga nan ne za ka fara ragewa, rukuni ɗaya a kowane zagaye, kana adana kwafin .config na kowane wanda ya tashi. make defconfig ba ya sanin na'urarka. make localmodconfig kuwa yana kallon modul ɗin da ke ɗore a daidai lokacin ne kawai, duk abin da ba a jona ba a ranar zai kashe shi. Bayan scripts/config ma ka sake yin olddefconfig ka yi grep, domin zaɓin da sharaɗinsa bai cika ba yakan koma a kashe shiru. A menuconfig, alamar / na buɗe bincike, ya nuna maka layin "Depends on".

Don rage yawan kashewa da kunnawa, gwada a na'urar kwaikwayo ta QEMU:

qemu-system-x86_64 -m 2G -nographic -kernel arch/x86/boot/bzImage -initrd /boot/initrd.img-6.6.30-gwaji -append "console=ttyS0"

Duk saƙon zai zubo a taminarka inda za ka iya komawa sama, muddin CONFIG_SERIAL_8250_CONSOLE na kunne. Zai tsaya wajen neman faifai tunda ba ka ba shi ba, amma ka riga ka san kanel na warwarewa kuma initramfs na buɗuwa. Direbobin ainihin na'urarka kam sai a kanta. Idan na'urar tana nesa, ta ssh kake shiga, sa GRUB_DEFAULT=saved a /etc/default/grub, sabunta grub.cfg, yi amfani da grub-reboot don sabon kanel ya tashi sau ɗaya tak, ka ƙara masa panic=10. In ya faɗi, bayan daƙiƙa 10 zai sake kunnawa ya koma kan tsohon.

Idan babu tsohon kanel ɗin

Tashi daga filash mai Linux. Da lsblk -f gano ɓangarorin, ka ɗora tushen a /mnt, /boot a /mnt/boot idan daban yake, ɓangaren EFI a inda /mnt/etc/fstab ya ce. Sannan:

for d in dev proc sys run; do sudo mount --rbind /$d /mnt/$d; done
sudo chroot /mnt

Sake girka kanel na rabon Linux ɗinka da apt, dnf ko pacman, ka sabunta GRUB. Ka kula, a cikin chroot uname -r sigar kanel ɗin filash yake nunawa, don haka rubuta sunan sigar da hannu a duk umarnin gina initramfs.

Idan saitin daidai yake

Yakan faru saiti iri ɗaya ya tashi a wata siga ya ƙi a ta gaba. A nan laifin na lambar kanel ne, kuma git bisect ke kamo shi. A bishiyar git ta kanel:

git bisect start
git bisect bad v6.6
git bisect good v6.5

git zai tsayar da kai a tsakiya. Yi make olddefconfig, harhaɗa, girka, gwada, ka ce masa good ko bad. Tsakanin manyan sigogi biyu akwai sauye-sauye sama da 10,000, amma da yake kowane zagaye rabi yake yankewa, kusan zagaye 14 ya isa. Ƙaramin saiti na localmodconfig yana da amfani sosai a nan don harhaɗawar ta yi sauri. Amsa ɗaya ta kuskure na kai ka ga sauyin da ba ruwansa, don haka in sigar ta ƙi harhaɗuwa ko ta faɗi da wata matsala daban, git bisect skip za ka buga. Da ka samu sauyin, gwada git revert a kansa a sabuwar sigar ka tabbatar na'urar ta tashi. Sannan buɗe Documentation/admin-guide/reporting-issues.rst a cikin lambar kanel ɗin, ka nemo masu kula da sashen da scripts/get_maintainer.pl, ka aika musu lambar sauyin, .config ɗinka, abin da lspci -k ya nuna, da hoton allon inda aka tsaya.